Ranar da Muka Kwashe Gonarmu a Kan Jakai

Mahaifina bai iya cewa a'a ba. Ban faɗi wannan don yabo ba, don har yau in na tuna raina yakan sosu. In baƙo ya tsaya a ƙofar gidanmu ya nemi aron jaki, Baba zai ba shi jakin, ya haɗa masa da mangala, sannan ya tambaye shi ko ya karya kumallo. Ni kuwa an ce zuciyar dangin uwata na ɗauko, mutanen Masama ta ƙasar Gwandu, waɗanda ba a taka su a kwana lafiya. Ni ne ɗan fari, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba, kuma da wuya ya yi mini magana kai tsaye. In yana son in yi wani abu sai ya dubi bango ya ce, "A ce ma wancan shi ɗaure jakkai," alhali ina tsaye a gabansa. Na riga na yi aure a lokacin, har da 'ya'ya, amma ina cikin gandunsa. Gona ɗaya muke nomawa, rumbu ɗaya muke ci, kuma abin da ya ce shi ake yi.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kalgo, babbar gonarmu kuma tana gindin wani tudu mai jan dutse. Duk wanda ya san wurin ya san ba haka Allah ya ba mu ita ba. Ƙarƙashinta marmara ce zalla, jar tsakuwar nan da ake zubawa a hanyar mota. Baƙar ƙasar da ke sama, wadda zurfinta bai fi kamu guda ba, yin hannu ce. Kakana ya fara ta, Baba ya ɗora. Kowane rani mukan sauki Fulani daga wajen Wurogauri su kwantar da shanunsu a ciki, mu kuma mu yi ta jigilar toka da kashin awaki da sharar gida a kan jakai. Tun ban kai tsawon jaki ba nake wannan jigila. In aka yi ruwan fari ƙamshin ƙasar nan har cikin gari ake jin sa, geronta kuwa yakan shanye mutum a kan doki.

Ba a daɗe da canjin kuɗi daga fam zuwa naira ba, shekarun fari sun ɗan sassauta, Baba ya ce a bar gonar ta huta. Muka bar ta saura, wato sabra a bakin mutanenmu, sabara da geza suka tsiro a ciki. A cikin wannan hutu ne wata mota ta tsaya a bakin gari da rana tsaka, mutum uku suka fito, ɗaya da hular kwano. Suka ce su ma'aikatan wani kamfani ne da aka ba kwangilar hanya, suna neman dutse. Mai hular kwanon, wanda daga baya muka san shi ne mai kula da aikin, ya nuna tudun da ke bayan gonarmu.

Baba har da murmushi. Ya ce, "Duwatsu kuka so? Duwatsun ga da ka karya mamu galma kullum? Ku kwashe, Allah shi yi muku albarka. Gonar ma hutu takai bana. Na ba ku aro har ku ƙare."

Ya sa aka dama musu fura.

To, a wurinmu aron gona abu ne sananne, ba a rubuta shi, ba a kiran shaidu. Mai aro zai noma, ya kwashe abin da ya shuka, amma ba zai dasa itace ba, ba zai haƙa rijiya ba, in ya gama kuma ya mayar da ita yadda ya same ta. Ba a taɓa jin wanda ya ari gona ya tafi da gonar ba, don ba wanda tunaninsa ya taɓa kaiwa can. Baba ya zaci leburori za su zo da kwanduna su tsince masa duwatsun da ke sama, su share masa wuri kyauta. Ni ma, in faɗi gaskiya, abin da na zata ke nan.

Katafila ce ta zo. Ina gona ta kusa na ji ƙasa tana rawa, na jefar da gatari na ruga. Kafin in isa ta riga ta tuge gawon da muke shan inuwa. Ta sa baki tana fere baƙar ƙasar nan kamar ana fere kabewa, tana tura ta gefe. Cikin 'yan kwanaki aikin kakana da na ubana ya zama tsibi guda, tsayinsa ya fi soro, an jibge shi a bakin iyaka. Sannan suka shiga haƙar marmarar, tifofi suna shiga suna fita. Na tsaya a bakin ramin ina zagi, ƙarar inji ta hana ko ni kaina in ji abin da nake faɗi. Baba kuwa zuwa ɗaya ya yi, ya duba, ya yi salati, ya juya. Tun daga ranar ya canja hanya, ko kasuwa zai je sai ya zaga ta bayan gari.

Da abin ya tsaya a kanmu, da mutanen gari sun yi mana jaje sun koma harkarsu. Amma wata safiya aka tashi aka ga an kakkafa turaku masu jan fenti a cikin gonakin maƙwabta, har sun ratsa burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Nan fa kowa ya gane gemun ɗan'uwansa ne ya kama wuta. Muka taru, dattawa a gaba, muka tafi Kalgo wurin uban ƙasa. Baba bai je ba, ya ce shi ba ya kai ƙarar baƙonsa.

Uban ƙasa ya saurare mu da kyau, ya aika aka kira mai hular kwano. Ya zo da takardar izni daga can sama, aka ba malamin fada ya karanta yana fassarawa. Takardar ta ce an ba kamfani izni ya haƙi marmara a wani yanki na daji. Ina jin kalmar nan na miƙe tsaye.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wane daji? Gonarmu ta anka ce ma daji?"

Mai hular kwano ya ce, cikin Hausarsa ta mutanen gabas, "Mai awo ya zo ya ga sabara da geza, bai ga kunya ko ɗaya ba. Abin da ya gani shi ya rubuta."

Na ce, "Wanda bai san sabra ba shi anka aiko shi auna ƙasar manoma? Kai in ka iske mutum shina kwana sai ka rubuta gawa?"

Wani dattijo ya ja mini riga na zauna. Uban ƙasa ya ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa hukuma ke da iko da shi, shi ba zai iya soke takarda ba, amma zai kai kukanmu gaba. Ya kuma sa aka sake karanta wani wuri a ciki, inda aka ce in an gama aiki kamfani zai cike ramin, ya mayar da ƙasar sama inda take, mai wurin ya shaida. Dattawa suka ce to, alhamdu lillahi. Muka dawo da wannan. Turakun nan masu jan fenti kuwa ban san yadda aka yi ba, na dai san a makon nan matan garinmu ba su yi kukan itacen girki ba. An sake kafawa, aka sake dafa tuwo da su, har kamfani ya gaji ya bar gonakin maƙwabta da burtali.

Aka ci rani ana haƙa. Ramin ya yi zurfin da in tifa ta shiga ba a hango ta. Duk wanda ke da ido ya san ba abin da zai cike shi, amma muna kallon tsibin baƙar ƙasar nan muna cewa, ai dai ga ta nan, ba inda ta je. Ita ce gonar. Muddin tana nan, ko a kan dutse aka shimfiɗa ta za ta ba da gero.

Sai ruwan fari ya sauka. Ramin ya tara jan ruwa kamar na wankin nama. Tsibin kuwa kafin a ce me ya yi kore shar, tafasa da lalo da gyauron gero duk suka fito a jikinsa, ba wanda ya shuka. Na je dubawa da safe, sai na tarar an juyo da injin lodi ya sa baki a cikin tsibin, tifa tana jira. Na tambayi direban tifar ina za a kai. Ya ce birni, akwai sababbin gidajen manya da ake ginawa, ana son ƙasa mai kyau ta shuka fure.

Fure! Na sami mai hular kwano na ce masa takarda ta ce a mayar. Ya ce takarda ta ce in an gama, kuma ba a gama ba, sannan duk abin da ke cikin iyakar izni na kamfani ne. Ya faɗi haka yana duba agogo. Na dubi yawan tifofin, na dubi tsibin, na ga in aka yi mako biyu a haka ko abin cika tukunya ba za a bar mana ba.

Dabara ɗaya ce ta zo mini, gayya. A kira gari da dangi, kowa da jakinsa, mu kwashe abinmu kafin su kwashe. Muna da wani fako a bayan gari, fili mai tauri kamar daɓe wanda ko ciyawa ba ta fitowa, can za mu zuba. Amma gayya tana da ƙa'ida. Mai gandu ne kaɗai ke kiranta, shi zai aika wa sarkin noma da goro, sarkin noma ya sa a yi shela. Ɗa ba ya kiran gayya a gonar ubansa uban yana raye, ko ya kira ba mai fitowa. Na shiga gida na sami Baba yana tufkar igiya, na durƙusa na zayyana masa komai.

Ya dubi bango ya ce, "A ce ma wancan, magana zarar bunu ta. Na ce na ba su aro har su ƙare. Ba su ƙare ba."

Na ce, "Baba, ɗibat ta sukai! Birni za su kai ta!"

Ya ce, "Sun ce suna maidowa. A yi haƙuri."

A ranar na ɗaga murya a gaban ubana har Inna ta fito daga ɗaki da muciya a hannu. Na ce haƙurin nan nasa shi ya kai mu inda muke, na ce in shi ya gama cin geronsa na duniya, jikokinsa ba su fara ba. Ya ci gaba da tufkarsa. Na fita ina huci, na ji haushinsa fiye da na kamfani, domin su ba su san abin da suke ɗiba ba, shi kuwa ya sani.

Ranar Juma'a ni ke jan jakinsa zuwa masallaci a Kalgo, don idonsa ya fara rauni. Da muka kai mararraba, maimakon in zaga ta bayan gari yadda ya saba, sai na miƙe ta hanyar gona. Ya yi gyaran murya, na yi kamar ban ji ba. Muka iso daidai lokacin da injin ya kafa haƙora a gefen tsibin ya ɗago. Gyauron geron nan yana reto a bakin injin, saiwoyinsa a waje, aka juye shi cikin tifa. Baba ya ce in tsaya. Ya sauka da kansa, ya taka har gindin tsibin, ya damƙi ƙasar ya murza, ya kai hanci. Ya daɗe a tsaye har na fara tsoron mu rasa salla.

Sannan ya juyo ya dube ni, ni kaina, ido cikin ido, abin da ban saba gani ba. Ya ce, "Dutse nib ba su. Ban ba su wagga ba. In mun sauko masallaci ka biya kasuwa ka sawo goro."

Aka yi shela, aka aika wa dangi. Kawunnaina na Masama suka taso da jakansu har da kwana a hanya, surukaina na Ceberu ma haka. Fulanin da suka saba sauka a gonar suka zo da shanun dako, suka ce ai da kashin shanunsu a ciki, su ma suna da rabo. Ranar da aka sa, hantsi bai yi ba wurin ya cika. Masu galma suna sara, masu kwando suna cikawa, jakai sun yi layi daga tsibin har fako, masu dawowa suna kauce wa masu tafiya. Tsofaffin mata da ƙore a ka, 'yanmata da daro. Makaɗan noma suka hau kan tsibin da gangunansu suna zuga samari, kowa ana kiran kakansa. Ban taɓa jin daɗin kiɗa irin na ranar ba.

Direban injin ya iso ya ga mutane sun lulluɓe tsibin kamar tururuwa, ya kashe injinsa ya sauko, don ba inda zai sa baki bai ɗauki mutum ba. Mai hular kwano ya yi ta ihu yana cewa sata ce, kayan kamfani ne. Ba wanda ya ko dube shi. Ya shiga mota ya tafi, ya dawo da 'yansanda biyu. Babbansu ya dubi taron, ya cire hula ya sosa kai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko igiyar duk kasuwar Kalgo aka kawo ba ta ɗaure mu. Ya tambaya wa ya tara mutanen nan.

Baba yana zaune a kan buzu a gindin aduwa, ya ce, "Ni na. Gayyata ta."

Ɗansandan ya dubi furfurarsa, ya ga ba abin kamawa ba ne. Mai hular kwano ya nuna ni, ya ce ga mai tayar da fitinar. Na ce ƙwarai ni ne, kuma in an sake ni gobe zan ƙara. Suka sa ni a mota. Muna tafiya ina jin ganguna a bayana, ba su ko sassauta ba, Inna ma da ta ga an tafi da ni guɗa ta rangaɗa, ta sake cika ƙwaryarta.

Na yi 'yan kwanaki a tsare kafin uban ƙasa ya sa baki a sallame ni. Da na dawo ban shiga gida ba sai da na biya ta gona. Babu tsibi, an share wurin tas har ana ganin sawun tsintsiya. Abin da tifofi suka riga suka kai birni ya tafi ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Wanda muka tsira da shi bai rufe fakon duka ba, kaurinsa ma bai fi taƙi ba. Amma na tarar har an yi shuka. Da ruwa ya zauna gero ya fito, baƙi ƙirin don ƙoshi, a wurin da tun da aka kafa garin ba a taɓa ganin tsiro ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyuka.

Kamfani ya kwashe injunansa ya yi gaba, ya bar mana rami. Muna cikin noman farko, geron ya kai gwiwa, sai ga wani ma'aikaci a kan babur da jaka a rataye. Saurayi ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi a bakin gona, ya durƙusa ya gai da Baba. Ya ce an aiko shi ne a rufe maganar wurin da aka haƙa. Ya fito da takarda da ɗan gwangwanin tawada, ya ce abu kaɗan ne, Baba ya dangwala yatsa a nan, shaidar an gyara wuri an mayar wa mai shi.

Na san ubana, na san baƙo ne a gabansa, a durƙushe, yana roƙo da lalama. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya jingina da ƙotar galmarsa ya ce, "Ɗana, ta wace hanya kab biyo?"

Ya ce ta bakin ramin.

"Tau, ka gane shi da idonka. An gyara?"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, ni aike ne. In ba a sa hannu ba maganar ba za ta rufu ba, kullum za a yi ta turo mu."

Baba ya ce, "Ba ni son in wahalshe ka. Rubuta nan: an ari gona, ba a maido ba. Sai in dangwala maka da yatsan da duk kaka so."

Saurayin ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Babu wurin da za a rubuta haka a jikinta."

Baba ya ce, "Tau, babu wurin yatsana."

Ya tofa yawu a tafinsa, ya kama galma, ya duƙa. Saurayin ya daɗe a durƙushe da gwangwaninsa a buɗe, tawadar tana bushewa. Ni kuwa na kama kunyar da ke kusa da ta Baba, muka ci gaba da noma.